Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Bindigar .22 Don Wasan Harbi

A Amurka da Kanada da yawancin ƙasashen Turai, da wuya ka sami gwanin harbi da bai fara da bindigar .22 ba. Da ita ake koya wa yaro, da ita manya ke wasan ƙarshen mako, kuma har gobe ita ake riƙewa a gasar Olamfik ta mita 50. Harsashinta, wanda ake rubuta wa .22 LR a jikin kwali, kamfanin J. Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma tun daga lokacin siffarsa ba ta sauya ba: kaurin dalmar milimita 5.6, nauyinta giram biyu da rabi da 'yan kai, albarushin cikinsa ɗan mitsitsi. Ba ta tokarin kafaɗa, ƙararta ba ta kama ƙafar ta manyan bindigogi ba, sannan kuɗin harsashi ɗaya na babbar bindigar farauta zai saya maka nata goma ko fiye. Arahar nan ce ta sa mutum ke iya harba ɗari biyu a yini guda, kuma yawan harbi ne ke gyara hannu.

Kafin maganar zaɓe, a gama da hukuma. A Birtaniya sai 'yan sanda sun ba ka takardar izini, sai ka nuna dalili karɓaɓɓe, galibi zama ɗan ƙungiyar harbi da gwamnati ta amince da ita, kuma za a zo gida a duba akwatin ƙarfen da za ka kulle ta. A Amurka sai ka cika shekara 18 dillali mai lasisi zai sayar maka, bayan an binciki tarihinka, kuma wasu jihohi da ƙarin nasu sharuɗɗan. Wanda ke can da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallaka sai a 'yan yanayi ƙalilan. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar wasa a ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma riƙe ta ba lasisi laifi ne na ɗauri. Saboda haka jagorar nan ta fi amfanar wanda ke zaune inda wasan yake da filaye da ƙungiyoyi da masu koyarwa.

Abin da ya raba harsashin nan da na manyan bindigogi shi ne inda wuta ke kamawa. A manyan akwai ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanso, allurar bindiga ta doke shi, albarushi ya tashi. A .22 kuwa, maganin kunna wutar ana zuba shi cikin kwanso da danshinsa, a watsa shi har ya shige cikin leɓen gindin, ya bushe a nan. Leɓen allura ke daka. Ƙira ce mai sauƙi, shi ya sa take da araha, amma tana da nata halin. Wani lokaci maganin bai zagaye leɓen duka ba, sai allura ta faɗa inda babu komai, harsashi ya ƙi tashi. Sannan idan aka ja kunama babu harsashi a ciki, allurar tana iya dukan gefen ramin da harsashi ke zama, ƙarfe kan ƙarfe, a hankali ta loɓa shi. Sababbin bindigogi da yawa an yi musu abin tare allura, amma duk da haka kada ka ja kunamar bindigar kowa a shago sai ka nemi izini.

Tambayar farko ba ta kamfani ba ce. Wane irin harbi za ka yi? Harbin gwangwani wasa ne na nishaɗi: a jera gwangwanaye ko 'yan farantan ƙarfe a mita 20 zuwa 50, a yi ta kaɗawa ana dariya. Bindigar da za ta zuba harsashi biyar cikin da'irar santimita huɗu a mita 50 ta wadatar, har da rara. Harbin saiti a takarda wani abu ne dabam. A gasar duniya ta mita 50, da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal, bai kai ninki biyu na kaurin harsashin ba. A gasar gudun kan dusar ƙanƙara da harbi, inda ake amfani da .22 tun 1978, abin bara milimita 45 ne ga wanda ya kwanta rub-da-ciki, 115 ga wanda yake tsaye, alhali yana haki. Tsakanin waɗannan biyun akwai gasar ƙungiyoyi, irin NRL22 da aka fara a Amurka a 2017, inda ake harbin ƙananan farantai daga kan tsani ko ganga ko shinge har yadi 100. Yawancin masu saye a tsakiyar nan suke: suna son gwangwani yau, suna ɗokin gasa gobe.

Ga irin wannan mutum, ni dai mai sakata nake nuna masa. Aikinta kamar sakatar ƙofa ne: ka ɗaga, ka ja baya kwanso ya faɗo, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, ka sauke ta kulle. CZ 457 ta ƙasar Cek, Tikka T1x ta Finlan, Savage Mark II da Ruger American Rimfire na kamfanonin Amurka, duk a wannan sahu suke, kuma Savage ta fi sauran sauƙin kuɗi. Mai sakata ba ta zaɓen harsashi wajen ɗauka, mai ƙarfi da mai sanyi duk tana ci. Ana zare sakatar a goge bututu ta baya. Kuma idan aka zare ta, ko daga nesa kowa a fili ya san bindigar nan ba za ta tashi ba. Abin da ya fi waɗannan duka, tana tilasta wa mai koyo ya numfasa tsakanin harbi da harbi, ya tambayi kansa me ya sa na baya ya kauce.

Mai ɗura kanta ita ce farin jinin masu gwangwani, kuma sarauniyarsu Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 da magazin ɗinta mai juyawa na harsashi goma. Daɗin harba ta ba a magana. Amma ƙarfin harsashin ne ke tura ƙarfen cikinta baya, don haka harsashi mai sanyi yakan sa ta sarƙe, kuma hayaƙi da kakin harsashi suna komawa cikin injinta, sai an riƙa kwancewa ana wankewa. Ramin harsashinta an ɗan sassauta shi don ɗauka ta yi sauƙi, wannan kuwa yana rage daidaito. Kayan sauyinta sun cika kasuwa, har mutum zai iya harhaɗa irinta ba tare da ƙarfen Ruger ko ɗaya ba, kuma a nan tarkon yake. Ana sayen ta da araha, a sauya kunama, a sauya bututu, a sauya ƙota, kafin a ankara an kashe abin da ya zarce kuɗin CZ, don a kamo daidaiton da CZ ta zo da shi a kwali. Wanda haɗe-haɗen ne abin sha'awarsa, to, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai masu zuba harsashi a wani siririn bututu a ƙarƙashin babban, irin Marlin Model 60 ta 1960, wadda yanzu an fi samu a kasuwar na-hannu, da Henry mai hannun da ake lanƙwasawa ƙasa irin na finafinan kaboyi. Bindigogi ne nagari na wasa. Abu biyu kawai za a kiyaye: wajen ɗura su hannu yana matsawa kusa da baki, kuma harsashi ɗaya yana iya maƙalewa a bututun bayan an zaci an juye duka. Masu cin harsashi ɗaya-ɗaya kuwa suna can ƙarshe biyu na kasuwa, ko dai ƙaramar bindigar koya wa yara, ko Anschütz ta garin Ulm a Jamus da takwarorinta na gasa, waɗanda kuɗin ɗaya zai sayi na wasa goma. In ka ga .22 WMR ko .17 HMR a rubuce, wuce. Na farautar ƙananan dabbobi ne, harsashinsu ya ninka tsada, kuma ba a musanya shi da .22 LR.

Idan bindiga ta zo hannunka, fara da kunama. Ruger 10/22 ta gama-gari nauyinta wajen kilo biyu da kwata ne, kunamarta kuma daga masana'anta takan buƙaci jan da ya kai hakan ko ya fi. Wato yatsa ɗaya na jan abin da ya kai nauyin bindigar duka, ana kuma so bakinta ya tsaya cak. Ba abin mamaki ba ne harbin sabon shiga ya riƙa zamewa gefe. CZ 457 da Tikka T1x da Savage mai AccuTrigger duk ana iya sassauta tasu zuwa kilo ɗaya ko ɗaya da 'yan kai, kuma wannan ya isa kowane wasa. Ta 'yan gasa takan sauka har giram ɗari, wadda ba ta dace da mai koyo ba ko kaɗan. Sauƙi ma ba shi ne kan gaba ba. Ja a hankali ka saurari yatsarka. Kunama tagari takan tsaya, ka ƙara matsi kaɗan, ta saki farat ɗaya. Marar kyau takan yi ta jan ciki, ka ji gurzar ƙarfe, ba ka san inda za ta saki ba. Mai nauyi da ke saki da tsabta ta fi mai sauƙi da ke jan ciki. Kuma kada a sa mata magagari a gida, aikin maƙerin bindiga ne.

Game da bututu, mutane kan ɗauka tsawo shi ne ƙarfi. A .22 albarushin ya gama aikinsa tun harsashi bai wuce santimita 40 ba, saboda haka bututu mai inci 16 zuwa 20 ya ishi mai madubin hange. Dogayen bututun 'yan gasa an yi su ne don a nisanta ƙarfen saiti na gaba da na baya, da kuma don nauyi. Kauri ma amfaninsa nauyin ne: bindiga mai kaurin bututu ba ta rawa a kan jakar yashi, amma za ta gajiyar da yaro ko mai harbi a tsaye. Zanen murɗen da ke cikin bututu, kusan duka juyi ɗaya ne a inci 16, ba abin ɓata lokaci ba ne. Abin dubawa da kyau shi ne bakin, daidai inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe. Ka tabbatar babu harsashi, ka haska, ka ga da'irar a tsaftace take ba tabo ba loɓa. Ɗan rauni a gefe ɗaya yana sa iskar albarushi ta riga fita ta nan, ta ture gindin dalmar.

Ƙota kuwa, jikinka ne alƙali. Rufe ido, ɗora bindigar a kafaɗa, kwantar da kunci yadda ya yi maka daɗi, sannan ka buɗe. In ka tarar idonka na kallon tsakiyar saiti, ta dace. In sai ka ɗaga kai ko ka miƙa wuya, ba taka ba ce, ko kuma tana buƙatar matashin kunci. Yawanci an yanka su ne da tsawon santimita 34 ko kusa daga kunama zuwa gindi, awon babban namiji, don haka mace mai ƙaramin jiki ko yaro su nemi gajera ko mai daidaituwa. Katako ko roba duk ɗaya ne in an yi su da kyau, sai dai robar araha takan lanƙwashe ta taɓa bututu idan an jingina ta. Zura takarda tsakanin bututu da ƙota ka ja ta baya. A bindigar da aka ƙera bututunta ya tsaya shi kaɗai, takardar za ta wuce sumul.

A wajen madubin hange ake yawan yin asarar kuɗi. Madubin manyan bindigogi an daidaita shi ne don yadi 100 ko fiye. Ɗora shi a kan .22 ka auna abu a mita 25, ka bar bindigar a kan jakar yashi, ka ɗan motsa kai hagu da dama ba tare da ka taɓa ta ba: za ka ga gicciyen ciki yana yawo a kan takardar. Duk yadda kuncinka ya sauya zama, haka harbin zai sauya wuri, kai kuma kana zargin bindiga. Nemi wanda aka yi don .22, ko mai maɓallin daidaita nisa da ke saukowa har mita 20 ko ƙasa. Mai kusanto da abu ninki huɗu, ko mai uku zuwa tara, ya ishi gwangwani. Mai harbin takarda zai so wanda ya kai ashirin, don ya ga hujinsa daga inda yake zaune. A kuma duba mazauninsa, domin bindigogin Turai layinsu milimita 11 ne, na Amurka da yawa kuma awonsu dabam, ƙafafun wannan ba sa kama wancan da kyau. Yaro dai gara ya fara da ƙarfen saiti zalla.

Ta-hannu ba abin gudu ba ce. Dalma tana da taushi, zafin harsashin kaɗan ne, bututun .22 yakan ci dubban dubatan harbi bai gaji ba. Abin da ke kashe shi tsatsa ne, da sandar goge-goge da aka riƙa cusawa ta baki ba kula, da harsashin da ya taɓa maƙalewa aka bi shi da wani. Na ƙarshen yakan bar baƙin zobe a ciki, wani lokaci har ka ji ɗan kumburi in ka shafa bututun ta waje. Duba kuma gefen ramin harsashi ko allura ta loɓa shi.

Wasan gwangwani ya fi gasa haɗari, domin a gasa akwai jami'in fili mai tsawatarwa, a gona kuwa babu. Kwalin harsashin kansa yana gargaɗin cewa yana iya illa har mil ɗaya da rabi, kusan kilomita biyu da rabi. Kuma saboda sanyin gudunsa ba ya tarwatsewa, sai ya daki dutse ko ruwa ko busasshiyar ƙasa ya yi tsalle ya ci gaba. Dole a sami tudun ƙasa mai laushi a bayan abin da ake harbi, mai tsayin da ya wuce kai. Ban da kwalba. Farantin ƙarfe a rataye shi ya ɗan sunkuya, don ɓarɓashi ya yi ƙasa. Tabarau da abin toshe kunne wajibi ne, ƙarar ta isa ta ci ji a hankali. In harsashi ya ƙi tashi, bar bakin yana kallon tudu, ƙirga daƙiƙa talatin, sannan ka buɗe. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, dalma guba ce, musamman ga yara.

Yanzu ga abin da dillali ba zai tsaya yi maka bayani ba, kuma a ganina shi ne rabin zaɓen. Ba a san kyan bindigar .22 sai an samo harsashin da ta karɓa. Bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya, masu lamba a jere, ɗaya za ta yi abin mamaki da wani harsashi, ɗayar ta watsa shi. Shi ya sa kada ka ƙarar da kuɗinka a kan bindiga. Gara matsakaiciya da madubi nagari da rarar kuɗin gwaji, da mai tsada da ake ciyar da ita harsashin bokiti.

Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa. Harsashin da aka rubuta wa babban gudu yana fita da mita 370 zuwa 380, wato ya ɗara sauti, amma kafin ya je ko'ina gudun ya faɗo, kuma iska ta fi ture shi saboda saurin da yake zubar da gudunsa. Na matsakaicin gudu, wajen mita 325, bai taɓa tsallake sauti ba, tafiyarsa lami lafiya. Galibin harsasan gasa a nan suke: Eley Tenex na Ingila, Lapua Center-X da Midas, RWS R50 na Jamus. A ƙasa da su akwai SK da CCI Standard Velocity, masu sauƙin kuɗi, waɗanda bindigogi da yawa ke so. Masu tsananin gudu irin CCI Stinger kwansonsu ya ɗan fi tsawo, ba a sa su a matsattsen rami na bindigar gasa.

Sayi iri biyar ko shida, kwali ɗaya-ɗaya mai hamsin. Zaɓi safiyar da ganye ba ya motsi. Zauna a teburi mai ƙarfi, jakar yashi gaba da baya, takarda a mita 50. Kowane iri, fara zubar da goma a gefe, domin kowane kamfani da irin kakin da yake shafa wa dalma, kuma bututu sai ya sha sabon kakin yake daidaita. Arba'in ɗin da suka rage, harba su biyar-biyar a wurare takwas. Kada ka taɓa maɓallin madubi ko da suna sauka a gefe, taruwarsu ake nema. Auna tazarar huji biyu mafi nisa a kowane gungu, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka rubuta, ka fitar da matsakaici. Kowa yana son ya yanke gungun da ya fi kyau ya sa a aljihu ya nuna wa abokai, amma gungu ɗaya sa'a ce. Matsakaicin santimita ɗaya da rabi a mita 50 abin alfahari ne ga bindigar matsakaicin kuɗi. Sai bayan nan za ka daidaita madubi, kana sane da cewa abin da ya zauna daidai a mita 50 zai sauka ƙasa da kusan taƙi guda a mita 100.

A jikin kowane kwali akwai lambar rukunin da aka ƙera shi. Ko a iri ɗaya, rukuni da rukuni suna bambanta, har Eley da Lapua suna da filayen gwaji inda ɗan gasa ke kai bindigarsa a ɗaure ta a gwada mata rukuni-rukuni. Kai ba sai ka je can ba. In ka dace da wanda bindigarka ta karɓa, koma shagon da lambar a rubuce, ka sayi iya ƙarfinka, galibi a ƙunshin kwali goma mai ɗari biyar. Ajiye shi a kulle, dabam da bindigar, a wuri mai sanyi da bushewa, ba a bayan mota ba, domin zafi yana narkar da kakin. Na gwangwani kuma ka ci gaba da sayen mai araha, sai dai duk ranar da ka koma na saiti, ko ka goge bututu, ka sake zubar da goman nan na farko kafin ka fara ƙirga maki.